Kada ka toshe wa injin dayatami baki

Ɗana, saƙonka ya same ni tun daren jiya, ban amsa ba sai yanzu saboda raina ya ɓaci da na karanta shi. Ka ce injin dayatami na ɗakin tiyatarku, wanda likita ke yanka nama da tsai da jini da shi ta hanyar wutar lantarki, yana ta kuka, jar fitilar farantin da ake manna wa mara lafiya a fata tana kamawa ana tsaka da aiki, matiron ta tasa ka gaba, wani abokinka kuma ya ba ka shawara ka haɗe wayoyin farantin biyu kukan ya ɗauke. Ka ƙara da cewa ai ka gwada shi a kan sabulu, ya yi tartsatsi ya yanka, ko hakan ya isa ka ce lafiyarsa ƙalau. Shekara biyu kana bina da jakar kayan aiki, ashe wannan tambayar tana cikinka.

Abokin nan naka ka rabu da shi kafin ya kai ka kurkuku. Ruwa ba ya tsami banza. Wutar da ke fita daga bakin fensirin likita, wato abin yankan da yake riƙewa a hannu, ratsa jikin mara lafiya take yi, ta koma injin ta faranti. A bakin fensir ta taru a wuri kamar tsinin allura, shi ya sa take yanka. A faranti ta baje a faɗin da ya fi tafin hannu, shi ya sa ba ta ƙuna. To in farantin ya ɗaye ya rage gefe guda, wutar nan duka ta nan za ta matso ta wuce, ka samu fensir na biyu a cinyar mutumin da aka sa wa barci, wanda ba shi da bakin cewa wayyo. Wutar gida sau 50 take juyawa a daƙiƙa, ita ce mai fizgar mutum. Wannan kuwa sau dubu 300 zuwa dubu 500 ne, ba ta fizga, dafa nama take yi shiru. Tun 1926 da Bovie ya haɗa injinsa, likita Harvey Cushing ya yi tiyata da shi a Boston, ƙunar faranti take bin wannan sana'a, sai a 1981 kamfanin Valleylab ya fito da faranti mai ɓari biyu wanda injin ke auna mannuwarsa da fata, in ya saki ya yanke wuta ya yi kuka. Abin da aka yi shekara 55 ana nema, kai da abokinka za ku kwance da guntun waya.

Ni na ga ƙarshen wannan guntun waya da idona, kuma ni na biya kuɗinsa.

Akwai wani asibitin kuɗi da nake yi wa aiki a wancan lokacin, ba zan faɗi sunansa ba, mai shi yana nan da ransa. Duk wata uku nake zuwa in duba musu kaya. Sun sayi injin dayatami na gwanjo daga wani ɗan kwangila, injin mai kyau ne, ban ga laifinsa ba. Na ɗora shi a kan analaiza, wato na'urar auna wutar da injin ke fitarwa, analaizar da sai da na sayar da filina na bayan gari na saye ta, duk abin da na auna ya fito daidai. Amma wayar farantinsu, irin mai maƙata a baki wadda ake ta maimaitawa, na ga ta fara karyewa daga wuyan fulogi, in ka lanƙwasa ta mita sai ta yi tsalle. Na sami manajan a ofishinsa yana cin gyaɗa, na ce masa wayar nan ta mutu, a sayo sabuwa, kuma a daina wanke farantin da aka yi don amfani sau ɗaya ana sake manna wa wani. Ya ce, "Injiniya, an gama, gobe-goben nan." Na yarda da bakinsa. Na gwada injin da wayata, na manna sitikata mai sunana da lambar wayata da kwanan wata a gefen injin, na kama hanya. Ban rubuta komai ba, ban sa kowa ya sa hannu ba. Mutumin da muke salla sahu ɗaya, ina zan ce ya sa min hannu a takarda?

Bai sayi wayar ba. Da kukan ya ishe su, sai ya aika da ita bakin kasuwa wurin mai gyaran rediyo. Shi kuma bawan Allah abin da aka ce masa shi ne a kashe ƙara, ya kuwa kashe. A tsakiyar fulogin akwai ɗan tsinken roba, shi ke gaya wa injin cewa faranti mai ɓari biyu ne aka sa. Ya karye shi, ya fere wayoyin biyu ya liƙe su da dalma, ya naɗe da baƙin tef. Daga ranar injin ya ɗauka faranti guda ne na da, ya daina auna fata, waya kawai yake gani, waya kuwa kullum a haɗe take. Shiru ya samu a tiyata, kowa ya ji daɗi.

Sati biyar bayan nan aka kwantar da wata baiwar Allah za a cire mata ƙari a mahaifa. Aiki ya yi tsawo, jini ya yi yawa. Farantin da aka manna mata an riga an manna wa wasu, jel ɗinsa ya bushe kamar ƙanzo. Likita ya ji fensir ba ya ci, ya ce a ƙara wuta. Aka ƙara. Ya sake cewa a ƙara. Ka riƙe wannan a kanka: duk ranar da ka ji likita yana ta neman ƙari a kan lambar da ya saba aiki da ita, faranti da wayarsa za a fara dubawa kafin a taɓa maɓallin ƙari. Ba wanda ya duba. Da aka gama aka yaye zanen tiyata, sai ga rami a bayan cinyarta, faɗin bakin kofin shayi, tsakiya fari fat kamar kitsen da aka dafa, gefe baƙi. Na gan shi a kwana na uku da suka kira ni. Matar ta juya fuska bango tana hawaye ba sauti, mijinta yana tsaye riƙe da fulas ɗin kunu, ya dube ni ya ce, "Kai ne mai sunan da ke jikin injin?" Har gobe ina jin muryar nan.

A gaban mijin da likita manajan ya nuna sitikata ya ce injiniya ya tabbatar musu injin lafiya lau. Na ce a kawo wayar. Aka yi ta nema, aka ce an zubar. Wata nas mai tsoron Allah ce ta tsinto min ita daga kwandon shara da yamma, na warware tef ɗin a gabansa, ga dalma, ga gurbin tsinken da aka karye. Na ce, "Alhaji, ban ce maka a sayi sabuwa ba?" Ya dubi tsabar idona ya ce bai tuna mun yi wannan maganar ba, in akwai takarda in kawo. Ina takarda? Kuɗin aikina na wata tara, naira dubu 380, ya riƙe ya ce da su za a yi jinyar matar, kuma daga baya na ji mijin ne ya biya kuɗin dashen fata daga aljihunsa. Labari ya zaga gari cewa injin da na duba ya ƙona mace. Asibitoci biyu suka janye aikinsu daga hannuna a wata guda, ba wanda ya kira ni ya ji ta bakina. Shekarar nan babbar 'yata ba ta koma makaranta zango na biyu ba. Wayar tana cikin durowata har yau, kuma ban yafe ba, na bar shi da Allah.

Shi ya sa kake gani ba na manna sitika sai na rubuta kowace lamba da na auna, da lambar jikin injin, da kayan da na ce a canza, a sa hannu kwafi biyu. Ku kuna ganin kamar son wahalar da mutane ne. Kuma da wayarsu nake gwadawa, da fedar da likita ke takawa ya kunna wuta, da fensirinsu. In waya ta mutu, a gabansu nake datse ta gida biyu da fulaya don kada wani ya tashe ta daga kabari.

Yanzu ga abin da za ka yi. Fis da soket da wayar wuta ba sai na ɓata bakina ba, yaron mai cajin waya ma ya san wannan. Ka fara da wayar faranti: sa mita a kowane ɓari daga fulogi zuwa maƙata, kana lanƙwasa wuyanta kana kallon lamba. In ta motsa, ka gama gano ɓarawonka, kuma sau da yawa a nan yake. In waya lafiya, ɗauko akwatin rizisto, wanda kake zaɓar yawan turjiyar da zai yi wa wuta, ka sa a madadin faranti. A injin samfurin Force FX, wanda na san irinsa ne a wurinku, injin yana karɓar turjiya daga om 5 zuwa om 135, om kuwa shi ne ma'aunin turjiya. Ƙasa da 5 ya yi kuka, sama da 135 ya yi kuka, kuma in lambar da ya fara gani ta hau da kashi 40 cikin 100, nan ma ya yi kuka ya yanke wuta. Ka fara daga 50 ka ga koriyar fitila, ka riƙa hawa a hankali, wajen 70 dole ja ta kama. In ya yi haka, injin gaskiya yake faɗa, matsalar tana wurin masu mannawa. Je ka tsaya ka ga inda suke sa farantin. A kan gashi? A kan ƙashi ko tabo? Ruwan wanke fata yana gangarowa ƙarƙashinsa? Wuri mai tsoka ake nema, busasshe, kusa da inda ake aiki. Ka faɗa wa matiron da ladabi, ta haife ka, amma kada ka sassauta.

Batun sabulu kuwa, kallon kitse kake wa rogo. Injin da ka sa a wat 40 yana ba da 70 zai yanka sabulu, wanda ke ba da 20 ma zai yanka. Tartsatsi ba awo ba ne. Ƙarfin injin a kan analaiza ake ganinsa, da nauyin da littafin injin ya faɗa. A Force FX, yanka, wato rawayan maɓalli, wat 300 ne ƙarshensa a kan om 300. Shuɗi na tsai da jini wat 120 a kan om 500. Baifola, mai hantsaki, wat 70 a kan om 100. Ka auna a ƙasa da tsakiya da sama, kada ka auna ƙarshe kawai ka tashi, domin likita ba a 300 yake aiki ba, a 30 da 40 yake. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta IEC 60601-2-2 ta ba da sassaucin kashi 20 cikin 100, amma in littafin injin ya fi tsanani, shi za ka bi. Kada ka danne feda kamar kana tuƙa tifa: daƙiƙa 10 a kunne, 30 a huta. Kuma kada ka kuskura ka sa mitarka ta aljihu a bakin fensir, ba a yi ta don wannan wutar ba, ko ta yi maka ƙarya ko ta ƙone. Rizistan nan mai naɗaɗɗiyar waya da ake sayarwa a kasuwa ma ba ya aiki a nan, a irin wannan juyin wuta koyil yake zama.

Sai yoyon wuta, wanda yaran yanzu ba sa ma tunawa da shi. Wutar dayatami ba ta buƙatar waya ta taɓa waya kafin ta tsallaka, tana iya bin ƙarfen gado ko lik ɗin na'urar auna bugun zuciya (ECG) da ke manne a ƙirjin mara lafiya ta ƙona shi a can. Ana aunawa daga fensir zuwa ƙasa, da kuma daga faranti zuwa ƙasa, ta cikin om 200, injin a ƙarshen ƙarfinsa, kada ya wuce miliamfa 150. Wayoyin gwaji gajeru, kada ka naɗe su, kada su haɗu da juna, in ba haka ba lambar da za ka gani ta teburinka ce. Wayar at kuma, wato mai kai wuta ƙasa, daga fulogi zuwa jikin injin kada ta wuce om 0.3, haka IEC 62353 ta ce. Ka duba soket ɗin bangon ma, na sha buɗe soket a tiyata in tarar ramin at ɗin ba komai a bayansa.

In hunturu ya wuce ka buɗe shi ka hure ƙura, ka zare fulogi tukuna ka ba kafasitoci lokaci su sauke. Ka kuma hana su barinsa a kunne lokacin da ake juyawa daga wutar gari zuwa janareta.

Na san abin da za ka ce, ba ku da analaiza. Duk wannan yana cikin littafin injin da na ba ka tun bara, na tabbata ko shafi goma ba ka karanta ba, amma bidiyon minti uku a waya ka kalli ɗari. Mu da muka koya, sai ka kwafe zanen injin da hannu kafin maigida ya bar ka ka riƙe sukundireba. Ku kuwa so kuke a kira ku injiniya a shekarar farko. In ba analaiza, ba sitika. Ka rubuta wa shugaban asibiti cewa ba a auna ƙarfin injin ba, ka riƙe kwafi.

Gobe da sassafe ka cire injin daga tiyata, ka liƙa masa takarda cewa kada a yi aiki da shi, su ɗauki na ɗaya ɗakin. Ka haɗo wayar faranti da feda da faranti biyu daga cikin waɗanda suke mannawa, ka duba min kwanan watan da ke jikin ledarsu. Ranar Asabar bayan azahar zan zo da tawa analaizar, kai za ka yi awon ina tsaye a kanka, ka zo da littafin da biro.