Shirin Python na mutuwa ba bayani: kunna faulthandler tukuna

Ɗan'uwa, ka ce shirinka na Python yana faɗuwa da zarar ya fara karanta hotuna, ba ya nuna komai sai Segmentation fault (saƙon da ke nufin shirin ya taɓa wani wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta da ba shi da izini), kana tambaya ko sabunta Python zai warware. Ba lallai ba ne sabuntawar ita kaɗai ta warware. Fara da wannan: python -X faulthandler sannan sunan fayil ɗinka. Faulthandler, wato kayan aikin da ke nuna inda shiri ya faɗi, tun sigar 3.3 yake cikin Python, ba sai ka ƙona data wajen sauke komai ba. Irin wannan faɗuwar yawanci daga library (tarin shiryayyun umarni da shirinka ke aro) da aka rubuta da yaren C take, shi ya sa Python ba ya samun damar yin magana. Faulthandler zai fitar maka da fayil da layin da shirin yake kai lokacin da ya mutu.

Sabuntawar ma ka yi, don tun 3.11 ta shekarar 2022 ana jera alamar ^ a ƙarƙashin ainihin guntun layin da ya jawo kuskure, 3.13 kuma ta ƙara launi. Amma wannan na kurakuran Python ne na yau da kullum. Sharaɗi guda: duba saƙon da kyau. Ina yawan ganin wannan a tsofaffin kwamfutocin ɗalibai a nan Samaru, masu RAM giga 4, mutum ya loda hotuna dubbai lokaci guda. Idan Killed ka gani a Linux, galibi RAM ce ta cika tsarin ya kashe shirin, faulthandler kuwa ko tari ba zai yi ba. Sai ka riƙa loda hotunan kashi-kashi.