Amsa ga mai tambaya kan wayar da kan jama'a

Malam, ka ce ku matasa kuna son fara aikin wayar da kai a unguwar Idi-Araba da ke Legas, kana tambaya ko masu zuba bidiyo a Facebook da TikTok su ma aikin suke yi. Ni harkar kayan gwari nake a kasuwar Mile 12, a Agege nake kwana, ga abin da idona ya gani.

Ka tuna Ebola a 2014. Patrick Sawyer, mutumin da ya shigo da cutar Nijeriya, ya sauka Legas daga Laberiya a watan Yuli, gari ya ruɗe. Cikin Agusta, dare ɗaya, sai waya ta ɗauki ruri: a tashi a yi wanka da ruwan gishiri, a sha. Kafin kiran asalatu 'yan'uwa daga gida suna ta kira, "Kun yi wankan kuwa?" Duk wanda ya tura saƙon nan a ransa taimako yake yi, amma mutane suka kwanta asibiti, har aka rasa rai. Waɗanda suka yi aikin gaske su ne ma'aikatan lafiya da limaman da suka tsaya suka yi bayani dalla-dalla, cewa cutar ba ta bin iska, jini da amai da gumin mara lafiya take bi, kuma wanda ya taɓa shi sai an sa masa ido kwana 21. Sai ga bokiti da sabulu a ƙofar masallaci. Ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Nijeriya ta rabu da cutar.

To ni da wannan nake auna kowa: bayan mutum ya saurare ka, me zai iya yi wanda jiya bai iya ba?

Lokacin da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomi a Fabrairun 2020, da Turanci aka yi sanarwa. Yaron da ya zo daga Jigawa wata biyu da suka wuce ina ya san iyakar Surulere da Mushin? Masu bidiyo suka yi ta kumfar baki, wai ana korar 'yan Arewa. Ko da gaskiya a maganarsu, ba ta hana a ƙwace babur ba. Wani dattijo a garejinmu kuwa, karatunsa bai wuce na allo ba, ya tara yara bayan la'asar yana ƙirga musu wuraren da aka hana da yatsa: Ikeja, Apapa, Surulere, Eti-Osa, Lagos Island, Lagos Mainland, kada ku hau gada, kada ku hau babban titi. Babura da dama sun tsira ta dalilinsa, kuma ko mabiyi ɗaya ba shi da shi a intanet.

Ba wai ina kushe masu waya ba ne, akwai na kirki cikinsu. Illar ita ce ɓacin rai ya fi bayani kasuwa, kuma mai neman mabiya ya san haka sarai.

Ku kuwa, ku fara da abu ɗaya, ko katin zaɓe ko rigakafin yara. Ku samu likita ko lauya ya tabbatar da maganar kafin ta fita. Ku bi ta wajen Sarkin Hausawa da liman, don bakinsu ake ji. Ku yi saƙon murya, saboda da yawa cikin mutanenmu ba sa karatun boko. Kuma ku nemi mai jin Yarbanci a cikinku, don rabin labarin garin nan da shi ake yin sa.