Amsar tambayarka kan maganar Baturen ofis ɗinku

Ɗana, na ga saƙonka tun shekaranjiya sai yau na samu zama. Kace wani Bature abokin aikinka ya ce maka "you're mad" don ka fito ba rigar sanyi a watan Janairu, kana tambaya ko zaginka yayi, kuma wai me yasa a gida aka taɓa zane ka don ka ce wa yayanka mahaukaci. Toh fita ba riga a sanyin Ingila kam ko ni da na faɗa maka wadda ta fi wannan.

Ba zagi bane. A bakinsu kalmar ta riga ta suɗe, mad, crazy, nuts, bonkers, duk tsokana ce irin ta taubasai ko jika da kaka. A Amurka ma in sunce mad yawanci fushi suke nufi. Suna da a screw loose, wannan kam namu ne sak, notin kansa ya kwance. Amma wasu kalmomin asalinsu ba daɗin ji, bedlam da suke cewa in wuri ya kacame sunan asibitin Bethlem ne na Landan da aka kafa a 1247, a da har kuɗi mutane ke bayarwa su shiga kallon masu taɓin hankalin da ke ciki, kaga kamar yadda yaran Kano ke cewa a kai shi Dawanau kenan, inda asibitin masu taɓin hankali yake. Lunatic kuma daga sunan farin wata ne da Latin don sun ɗauka shi ke tayar da ciwon. Wannan kar ka jefi kowa da ita a wurin aiki.

Mu a nan hauka baya tsayawa kan mai shi kaɗai, dangi yake shafa. In aka zo neman aure cikin abin da ake bincika a ɓoye har da ko akwai shi a gidan, to kai ka tsaya a ƙofar gida maƙwabta na ji kana kiran yayanka mahaukaci ga ƙannenku mata uku, ai dole babanku ya ɗauko dorina. Shi yasa ake sakayawa, a ce ba shi da lafiya, ko larura ce, ko taɓin hankali, tsofaffi su ce mutanen ɓoye ne suka taɓa shi. Wanda kuwa shirme kawai yayi ai ga wawa ga sakarai ga gaula ga shashasha, ba a rasa ba.

Muna yara akwai wani bawan Allah da ke kwana a zauren gidanmu da tsummokaransa ɗaure a buhu. Kakarku Allah ya jiƙanta ta ware masa kwanonsa, kuma Malam take ce masa, ban taɓa jin ta kira shi da wani suna ba. Ranar da ta hango ni cikin yara muna binsa da jifa, da muciyar tuwo ta fito ko mayafi bata ɗauka ba.

Ka gaida mutanen gidan, kuma dan Allah ka sayi rigar sanyi.