Abin da ke sa shafen siminti ɓarewa daga katangar laka

Ɗana, ka ce katangar gidanku da ke Tahoua ta laka ce, bara kuka yi mata shafen siminti, damina ɗaya ta wuce sai ga shi ya kumbura yana faɗowa falle-falle, har kana tambaya ko buhunan ne ba su da kyau. Bar zargin buhu. Simintin Malbaza ne ko wanda aka shigo da shi ta Ƙwanni, in aka manna shi kai tsaye a jikin laka, ƙarshensa ke nan.

Laka tana numfashi. Ta sha danshi ta kumbura, ta bushe ta tsuke. Siminti kuwa da ya kama ya kama, ba ya motsi. Can sai ƴar tsaga ta fito a saman katanga, ruwa ya bi ta nan ya shige bayan shafen, ya rasa mafita. Lakar ta jiƙe ta saki, shafen ya tsaya shi kaɗai kamar ɓawon gyaɗa. Ɗauki ƙotar guduma ka bi bangon kana ƙwanƙwasawa: duk inda ka ji yana amsawa kamar ganga, wurin ya riga ya rabu, ko da ido bai gani ba. Fasa shi duka, kada ka ji tausayinsa.

In ka fasa, kankare ƙasar da ta yi laushi har ka iske mai tauri. Ramukan da suka fito ka cike su da laka irin ta ginin, ka bar su su bushe sarai. Wanda ya cusa siminti a rami, dutse ya dasa a cikin tuwo. Sai ka bi tsakanin tubala ka ƙwaƙule kamar santimita 2, don shafen ya samu wurin sa farce.

Yanzu ga abin da aka tsallake bara. Shafe a kan laka yana son abin riƙo. Nemi ƙusa mai santimita 8 ko 10, wadda ba ta tsatsa in ka samu, ka kafa ta a karkace, kai sama tsini ƙasa, kowace santimita 25 zuwa 30. A kansu za ka ɗaura giriyaji, wato ragar waya irin ta akurkin kaji. Inda falle biyu suka haɗu, ɗaya ya hau ɗaya da santimita 10. Kada ragar ta kwanta a jikin laka. Ɗaga ta kamar rabin santimita, yadda za ta zauna a tsakiyar kwaɓin. In ta fito waje tsatsa ta cinye ta, in ta manne da bango ba ta riƙe kome ba.

Rairayi ma ka duba shi. Zuba shi rabin kwalba, cika da ruwa, girgiza, ajiye har gobe. Laka za ta kwanta a sama. In kaurinta ya kai kashi ɗaya cikin goma na rairayin, mayar wa mai kura kayansa. Lallausan nan da iska ke tarawa a gindin bango ba ya shafe, tsagewa yake. Mai ɗan tsakuwa na ƙorama za ka tankaɗe.

Da yamma ka yayyafa wa bangon ruwa, da asuba ka ƙara. Yayyafi na ce, in ka ga laka tana bin hannu ka wuce gona da iri. Shafin farko mai ruwa-ruwa ne kamar kunu: buhu 1 mai kilo 50 a burweti 2 na rairayi, burwetin mai lita 60, a shafe bakinsa ba tozo. Jifa ake yi da cokalin magini, ba a gogawa, kaurinsa bai wuce rabin santimita ba. Bar shi da kaushinsa kwana 2 kana ba shi ruwa.

Na biyu shi ne jikin aikin: buhu 1 a burweti 3, kauri santimita ɗaya da rabi. Wannan kwaɓin yana rufe wajen mita 10 murabba'i, da shi za ka yi lissafin buhunanka. Na san zuciyarka za ta ce ka ƙara siminti don ya yi ƙarfi. Kada ka yi. Kwaɓi mai yawan siminti ya fi tsukewa in yana bushewa, shi ya fi saurin tsagewa, kuma ya fi toshe numfashin laka. Gama da katakon gogewa. Cokalin ƙarfe yana janyo ruwan siminti sama, ya bar fuska mai sulɓi da tsaga kamar saƙar gizo. Kowace mita 3 ka ja layi a tsaye da bakin cokali tun yana ɗanye, in tsaga za ta zo ta bi nan.

Kwaɓa abin da za ka ƙarar cikin awa ɗaya kawai. Wanda ya soma kamawa a zubar, ƙara masa ruwa yaudarar kai ce. A zafin Afrilu da Mayu kada ƙarfe 11 ta same ka a bangon da rana ke duka, iskar hunturu ma haka take shanye ruwansa. Ban ruwa safe da yamma kwana 7, ka rataya jiƙaƙƙun buhuna in kana da su.

Ba kowace fuska ke son siminti ba. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, don haka fuskar gabas da kan katanga su ke shan duka. Yi wa kan katangar hula mai gangare, ta zarce jikin bango da santimita 3 ko 4, indararo kuma ya fita aƙalla rabin mita. Fuskar ciki ka bar ta da yaɓen laka mai ramno, ko makuba in akwai mai kawo ɓawon ɗorawa, danshi ya samu ƙofa. Katangar da aka rufe gaba da baya da siminti, daga ciki take ruɓewa.

Gindin kuma ka tura masa ƙasa ta gangara waje, ka matsar da randa da kwatar wanka daga jikinsa. In akwai ɓangaren da kuka gina bana, kada ka shafe shi sai ya ga damina ɗaya ya gama zama.