Tambayoyinku Kan Kilisar Sassafe a Bayan Gari

Wasiƙun da suka taru a wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato fita kilisa da sassafe, inda mutum zai biya a ba shi doki da jagora, a ratsa da shi ta gonaki da bakin rafi kafin rana ta ɗaga. Na daɗe ina ja wa baƙi gaba a irin wannan fita, shi ya sa na ware huɗu daga cikin wasiƙun don mu tattauna su a natse.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar makaranta ce, ban taɓa hawa doki ba. Abokan aikina sun yi mana rajistar kilisa ta awa 2, an ce mu hallara tun kafin fitowar rana. Me ya sa sai da duku-duku haka? Kuma gaskiya tsoro nake ji kada dokin ya kwasa da ni a guje.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Wannan sammakon, saboda dokin aka tsara shi tun kafin a yi tunanin jin daɗinki. Doki dabba ce mai tarin tsoka, tsoka kuwa idan tana aiki zafi take haifarwa, ga shi jikinsa babba ne, ba ya saurin hucewa. Idan ya yi aiki mai nauyi cikin rana yana iya zubar da gumi lita 10 zuwa 15 a awa guda, gishirin jikinsa na bin gumin yana fita. Da sanyin safiya kuwa zai ɗauke ki awa 2 ya dawo da ɗan jiƙo kawai a ƙarƙashin sirdi. Manyan ƙudajen da ke cizonsa su sa shi harbin iska sai rana ta yi zafi suke tashi sosai. Iska ma ta fi kwanciya da safe, doki kuwa ba ya son ranar iska, don komai na motsi yake gani, sauti kuma yana zo masa ta ko'ina. Ga hanyoyi babu hayaniyar ababen hawa.

Batun gudu kuma, ki kwantar da hankalinki. Irin wannan fita ta sababbin mahaya tafiya ce zalla, kusan kilomita 6 a awa, ɗan fiye da saurin mutum mai tafiya da ƙafa. Doki dabbar garke ce, abin da ya fi so a duniya shi ne ya ga ɗan'uwansa a gabansa. Muddin dokin jagora yana tafiya a natse, naki zai bi sawu ko ba ki ce masa komai ba.

Abin da ke sa doki ya rikice a hannun baƙo, sau da yawa daga baƙon yake fitowa. Mutum idan ya tsorata sai ya matse cikin dokin da duga-dugansa, ya kuma finciki linzami. A horon da aka yi wa dokin, matsa ciki na nufin "tafi", jan linzami na nufin "tsaya". Kin ga an ba shi umarni biyu masu karo da juna a lokaci guda, dole ya fara girgiza kai yana taka rawa. Saboda haka idan kin hau, ki zauna sosai a tsakiyar sirdi, ki saki cinyoyinki, gaban tafin ƙafarki kaɗai ya shiga likkafa, dunduniya ta yi ƙasa. Igiyar linzami ki riƙe ta kamar wadda ta riƙe ɗan tsako, kada ya kuɓuce, kada kuma ki murƙushe shi. Ki riƙa kallon inda za ki, ki bar kallon ƙasa.

Kafin ki hau, ki zo masa ta gefen kafaɗa kina magana. Idanunsa a gefen kai suke, yana ganin kusan duk kewayensa, wajen digiri 350, in ban da wurare biyu, daidai gaban goshinsa da daidai bayan wutsiyarsa. Wanda ya ɓullo masa ta baya ba sallama shi ke shan harbi. A kan hanya kuma kunnuwansa za su riƙa ba ki labari. Idan ɗaya na gaba ɗaya na juyowa wajenki, yana saurarenki ne kuma hankalinsa kwance. Idan ya miƙe su duka gaba ya ɗaga kai, ya hango wani abu, ki ba shi ɗan lokaci ya gane ko mene ne. Idan ya kwantar da su baya suka manne da wuya, ransa ya ɓaci, galibi dokin baya ne ya matso shi da yawa. Haka nan in kun fito daga fili kuka shiga duhuwar itatuwa ya ɗan dakata, kada ki tsawata masa, idonsa ya fi na mutum jinkirin sabawa da duhu.

Akwai wani lokaci da nake jira a kowace fita. Bayan an ɗan yi nisa da barga, sai ki ji dokin ya saukar da wuya ya fesar da numfashi ta hanci, frrr, har ki ji cikinsa ya motsa tsakanin ƙafafunki. Sabon mahayi kan zabura, alhali alama ce ta dokin ya saki jiki. Daga nan ne kafaɗun mutum ke sauka, ya fara lura da raɓar da ta jiƙa ƙafafun dawakin, da tsuntsayen da ba sa tashi don kofato suka ji, ba takun mutum ba. Sai dai ki tafi da shirin cewa washegari cinyoyinki za su yi tsami, wannan ba makawa.

Tambaya: Malam, raina ya ɓaci. Na je wani wurin kilisa, aka ce sai na hau sikeli. Nauyina kilo 105 ne, sai suka ce ba su da dokin da zai ɗauke ni a ranar. Doki fa? Wannan ba wulaƙanci ba ne?

Amsa: Ɗan'uwa, na fahimci zafin abin, musamman idan a gaban jama'a aka yi maka. Ya kamata su tambaye ka tun lokacin rajista, a keɓe, wannan kuskurensu ne. Amma hukuncin da suka yanke daidai ne, kuma da ni ne kai, wurin nan zan koma, domin sun nuna sun fi son lafiyar dabbarsu da kuɗin hannunka.

Ƙa'idar da aka fi bi ita ce kada kayan da ke bayan doki, mahayi da sirdi gaba ɗaya, su wuce kashi 20 cikin 100 na nauyin dokin. Wani bincike da aka wallafa a 2008 daga jihar Ohio ta Amurka ya gwada dawaki da kaya na kashi 15, 20, 25 da 30 na nauyinsu. Da aka kai kashi 25 da 30, bugun zuciyarsu da numfashinsu suka ƙaru, tsokokinsu suka yi tsami bayan aikin. To mu yi lissafi. Dokin hawa matsakaici kilo 450 ne, kashi 20 nasa kilo 90 ke nan. Kai 105, a ɗora sirdi na kilo 10, an kai 115. Dokin da zai ɗauke ka cikin sauƙi sai mai kilo 575 ko fiye, mai faɗin baya da kaurin ƙafa. Akwai irinsu, sai dai ba kowace barga ke da su ba. Ka ƙara da cewa sabon mahayi ya fi gwani nauyi a bayan doki ko da sikelinsu ɗaya, domin gwani yana tafiya tare da motsin dokin, baƙo kuwa jijjiga yake yi yana faɗowa kan ƙashin baya. Ka kira tun da wuri ka faɗi nauyinka, ka tambaya ko suna da babban doki.

Tun da ka taɓo nan, bari in faɗa wa kowa abin da zai duba kafin ya hau dokin haya, don akwai bargar da ko mutum biyu za ta ɗora wa ramammen doki muddin za a biya. Ka dubi haƙarƙarinsa. A ma'aunin ƙibar doki da Don Henneke ya fito da shi a 1983, mai hawa daga 1 zuwa 9, dokin da ke mataki na 5 ba a ganin haƙarƙarinsa da ido amma ana jin su idan an shafa. Wanda kake iya ƙirga su daga nesa, ƙashin ƙugu ya fito tsuru, hutu da abinci yake bukata. Ka roƙa a ɗaga maka sirdi ka ga tsakanin kafaɗunsa da inda majayi ke ɗaure cikinsa. Miki a nan yana nufin kowane taku azaba ne. Ka dubi gefen bakinsa inda linzami ke zama. Ka sa a ja shi ya ɗan taka a gabanka, idan kansa na sama da ƙasa da ƙarfi a kowane taku, ɗingishi yake yi. Kofato kuma ana gyara shi duk mako 6 zuwa 8, wanda ya yi zaƙo-zaƙo ya tsattsage ya nuna an yi sakaci. Ƙungiyar Brooke, wadda Dorothy Brooke ta kafa a Alƙahira a 1934 don kula da dawaki da jakunan aiki, ta daɗe tana kiran masu yawon buɗe ido su yi wannan dubawar. Ina goyon bayanta ɗari bisa ɗari, domin mai barga ba ya gyara halinsa sai ranar da baƙo ya dubi dokinsa ya juya da kuɗinsa.

Idan ka iso da wuri ka tarar dawakin na cin busasshiyar ciyawa, alama ce mai kyau. Tumbin doki ƙarami ne kuma yana zubo ruwa mai tsami dare da rana, fita aiki da ciki wayam na iya jawo masa gyambon ciki. Hatsi mai yawa dab da hawa shi ne ba a so.

Tambaya: Yallaɓai, na iya doki tun ina yaro. Na bi wata tawaga, tafiya kawai muka yi ta yi. Na nemi in ɗan yi sukuwa, jagoran ya hana. Ina amfanin doki ba sukuwa?

Amsa: Ƙanena, jagoran nan ya san aikinsa. Da ka saki naka, duk dawakin da ke layin za su bi shi, har da wanda ke ɗauke da mutumin da yau ya fara sa ƙafa a likkafa. Sukuwa tana wuce kilomita 40 a awa. Ciyawar safiya jiƙe take da raɓa, santsi gare ta, a ƙarƙashinta kuma akwai ramukan da kai baƙo ba ka san da su ba. Hanyar ma ta gefen gonakin mutane take bi, da yardarsu ake wucewa, doki ɗaya ya tattake shuka an rufe wa kowa hanya. Ka nemi fita ta ƙwararru ko ta kai kaɗai da jagora. Za su gwada ka a fili tukuna, kada ka ji haushi, mun sha ganin wanda ya ce ya iya sai an hau a ga akasin haka. Ko a can ɗin ma ba za a bar ka ka yi sukuwa a hanyar komawa barga ba, domin doki ya san gida, in ya saba da gudu a nan, tsayar da shi sai an sha wuya.

Tambaya: Malam, ina so in kai iyalina. Ɗana shekararsa 7, maiɗakina kuma tana da juna biyu wata 3. Hanyar da za a bi ta ratsa titin mota a wuri ɗaya. Me za ka ce?

Amsa: Alhaji, uwargida ta haƙura sai bayan ta sauka lafiya. Ƙungiyar likitocin haihuwa ta Amurka, ACOG, ta sa hawan doki cikin wasannin da mai juna biyu za ta guje wa saboda haɗarin faɗuwa, kuma doki mafi sanyin hali ma yana tuntuɓe.

Yaron kuwa, kowace barga da shekarun da take karɓa, ka tambaya. Abin da ba na sassauci a kansa shi ne a ba shi dokin da ya yi daidai da shi, ƙafarsa ta kai likkafa, wani babba ya riƙe ragamar dokin a duk tsawon tafiyar. Kada ka ɗora shi a gabanka a sirdi ɗaya, in kuka faɗo kai za ka danne shi. Awa guda ta ishe shi.

Ku duka biyun ku sa hular kwano ta hawan doki, domin kan mahayi ya fi mita 2 daga ƙasa. Ka leƙa cikinta ka ga alamar gwaji, irin ASTM F1163 ta Amurka ko PAS 015 ta Birtaniya, ka ɗaure maɗaurinta a haɓa. Hular da ta taɓa buguwa da ƙasa ta gama aiki ko ba a ga tsaga ba. Takalmi ya zama rufaffe mai ɗan tudun dunduniya don kada ƙafa ta zurma cikin likkafa, wando dogo, kuma ban da tufar da iska ke kaɗawa. Bayan minti 10 da tashi, jagora nagari zai tsaya ya sake duba majayin kowa, domin doki kan kumbura ciki lokacin ɗaura sirdi, in ya saki sai sirdin ya yi sako-sako. In bai duba ba, ka tuna masa.

A bakin titi, tawaga a dunƙule take tsallakawa, ba a barin doki ɗaya a wancan gefe, don zai yi ƙoƙarin bin 'yan'uwansa ko mota na tafe. A Birtaniya, dokar hanya da aka sabunta a 2022 ta ce direba ya wuce doki da gudun da bai kai mil 10 a awa ba, ya bar tazarar mita 2. Ba ko'ina direbobi suka san wannan ba, saboda haka ka tambayi masu bargar ko suna da mutum na biyu da ke tsayawa a titin ya tare motoci har dokin ƙarshe ya haye.