Na gama jami'a, in fita daga ƙungiyarmu ta mata?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Yaya. Ni haifaffiyar Gadarif ce a ƙasar Sudan, a Khartum na yi jami'a. Muna makaranta muna da ƙungiyar ɗalibai mata Hausawa, mu ke tarbar sababbin shiga, mu nema musu ɗaki, mu yi adashi. Ni ce ma'aji, har yau littafin kuɗin yana hannuna. Yanzu na yi aure, ina koyarwa, ga goyo. Maigida ya ce harkar 'yan mata ce, na wuce nan. Su kuma yaran ƙungiyar kullum sai sun kira ni. In fita ko in zauna? Ƙanwarki daga Gadarif.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki fita. Amma littafin nan ki mayar musu da shi kafin watan nan ya ƙare.

Littafin ne ke jawo miki kiran nan na kullum. Ma'aji ya kamata ta kasance a cikinsu, tana ganin wadda ta kwana da yunwa da wadda kuɗin mota ya gagara. Ki kira biyu daga cikinsu ku bi lissafin layi-layi, ki tura ragowar kuɗin ta Bankak, manhajar banki ta waya, a saka shaidar a zaurenku na WhatsApp kowa ta gani. Na ga ƙungiyoyin mata da suka watse ba tare da an ci ko sisi ba, kawai don kuɗi sun daɗe a hannun mutum ɗaya har zato ya shiga. Ba na so a yi miki haka.

Dalilin da ya sa na ce ki zauna kuwa ya fi wannan nauyi. Tun ranar 15 ga Afrilun 2023 da yaƙi ya ɓarke a Khartum, yaran da ke bayanku ba su san jami'a irin wadda kika sani ba. Da yawa sun gudu Wad Madani, a watan Disamba na shekarar yaƙin ya iske su can, suka sake ɗaukar kaya. Wata tana Kasala, wata Bur Sudan, wata ta tsallaka Masar. Darasi ta waya, jarrabawa a garin da ba ta san kowa ba. Ke kuwa kina Gadarif, garin da ya karɓi baƙi masu yawa, kina da ɗaki, kina da albashi ko yaya yake, kin san ƙofar da ake bi a karɓi takardar shaidar kammala karatu. A duk cikinsu babu mai waɗannan abubuwan.

Don haka ki zaɓi aiki ɗaya, ki riƙe shi da kyau. Tunda malama ce ke, ni da zan zaɓa miki sai in ce duba takardun neman aiki na masu gamawa, da sauke wadda hanya ta biyo da ita Gadarif. Zaɓen shugaba da rikicin wa ta zagi wa, ki bar musu.

A Amurka akwai Alpha Kappa Alpha, ƙungiyar da ɗalibai mata baƙar fata suka kafa a Jami'ar Howard a 1908. Waɗanda suka gama karatu suna da rassansu daban da na ɗalibai, suna tara tallafin karatu ga na baya. Wannan tsarin ya burge ni. Ki nemo 'yan ajinku, ku buɗe naku zauren na tsofaffin ɗalibai, ku yanka abin da kowa za ta iya bayarwa a wata. Ku riƙa sake duba adadin, domin kin san yadda darajar fam, kuɗin Sudan, ke zubewa, abin da ya sayi buhun dawa bara bana ba zai saya ba.

Sai maigida. Kada ki ɗauki maganarsa da zafi. Abin da yake gani shi ne waya tana ƙara lokacin cin tuwo, ga yaro yana kuka. Ki same shi cikin natsuwa ki ce kin ajiye muƙamin, ki gaya masa ainihin abin da ya rage a wuyanki. Batun saukar baƙuwa kuwa sai da yardarsa, kada ki yi wa kowa alkawari kafin ku yi magana. Yaran kuma ki sa musu rana, misali yammacin Juma'a, sai fa in abin gaggawa ne kamar rashin lafiya.

Ki sake rubuto min bayan kin miƙa littafin. Allah ya raya mana goyon.