Tambaya da Amsa: A bar shi a bayan kanta ya yi hankali?

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Yan sanda sun kama ɗana mai shekara 15 bisa zargin satar waya a kasuwa, kuma bai taɓa yin irin wannan ba. Mahaifinsa ya rasu. Baffansa ya ce kada kowa ya je belinsa, a bar shi ya ji jiki, in ta kama ma a kai shi gidan yari, wai sai haka zai yi hankali. Zuciyata ba ta kwanta da wannan shawara ba. Me doka ta ce, kuma me ya kamata in yi?
Daga wata uwa a Kubwa, Abuja

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya shirya mana zuri'a, ya jiƙan mahaifinsa. Na san baffan yaron gyara yake nufi, amma ban goyi bayan shawararsa ba, ita ma doka ba ta goyi bayanta ba.

A Abuja, Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ce ke aiki a kan duk wanda bai kai shekara 18 ba. Ta hana a yi wa yaro shari'a irin ta manya, ta ce kotun iyali ce za ta saurari maganarsa, ba tare da an bayyana sunansa ga jama'a ba. Ta wajabta a sanar da iyaye da zarar an kama shi, ta ce tsare shi kafin shari'a shi ne mataki na ƙarshe, in ma an tsare shi to na ɗan lokaci ne kuma ba a haɗa shi da manya. Mun ga abin da ke faruwa idan aka yi watsi da wannan a watan Nuwamba na 2024, lokacin da wasu yaran da aka tsare kan zanga-zangar tsadar rayuwa suka yanke jiki suka faɗi a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, har sai da Shugaba Tinubu ya ba da umarnin a sake su.

Yaron da aka kwana da shi a ɗaki ɗaya da riƙaƙƙun ɓarayi ba tsoro kaɗai yake fitowa da shi ba. Yakan fito da sababbin abokai, da sanin inda ake sayar da wayar sata, da kuma jin cewa danginsa sun yar da shi. Wannan na ƙarshen ne ya fi damuna, domin yaron da ya ɗauka ba shi da kowa a gida ba ya jin kunyar sake aikata laifi.

Saboda haka ki je caji ofis yau, tare da baffan nasa in zai yarda, ki tafi da takardar haihuwarsa ko wata shaida daga makaranta, domin sau da yawa shekarun da aka rubuta a ranar farko su ke yanke inda za a kai yaro. Beli kyauta ne a doka. Kada ki bari a ɗauki jawabinsa ba ke ko lauya a wurin. Idan ya amsa laifin, dokar ta ba 'yan sanda da masu gabatar da ƙara damar kashe ƙaramar magana irin wannan ba tare da zuwa kotu ba, ta hanyar sulhu, mayar da wayar ko biyan kuɗinta, da sa ido a kansa. Wannan ma horo ne, kuma ni a ganina tsayawar yaro gaban mai waya ya ba shi haƙuri, sannan ya biya da guminsa, ta fi kwanan bayan kanta shiga jiki.

Idan maganar ta kai kotu, jami'in jin daɗin jama'a zai binciki halin da yaron ke ciki ya rubuta wa alƙali rahoto kafin a yanke hukunci. A nan nake roƙonki kada ki rufa masa asirin da zai cutar da shi. Zai tambayi ko yana zuwa makaranta, da wa yake yawo, ko yana shan wani abu, da yadda ya canza bayan rasuwar mahaifinsa. In kin taɓa ganin kwalbar maganin tari a ƙarƙashin katifarsa, ko kuɗin da ba ki san asalinsu ba a aljihun wandonsa, ki faɗa, saboda da wannan bayani ne alƙali zai gane ko yaron nasiha yake buƙata, ko magani, ko a raba shi da wasu abokai. Dokar ta hana a ɗaure yaro a gidan yari ko a yi masa bulala. Kotu na iya sakinsa bisa sharaɗi, ko ta sa shi ƙarƙashin kulawar jami'i, ko aikin al'umma. Gidajen horon matasa irin na Kaduna da Ilorin da Abeokuta an tanade su ne domin waɗanda suka kai shekara 16 zuwa 21.

In ba ki da kuɗin lauya, ki nemi Hukumar Ba da Agajin Shari'a ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, dukansu suna da ofis a Abuja. In kuma aka ƙi sakinsa ko aka ci zarafinsa, ki kai ƙorafi Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa.